Gibin Cin Abinci Tsakanin Ƙasashe: Darasi Daga Gyaɗar Matamaye

Ya ku iyaye da masu kula da yara, tamowar da ke kama ƙananan yara a Matamaye da sauran garuruwan yankin Kance tana da alaƙa da yadda abinci ya rarrabu a duniya. Sanin wannan alaƙa zai taimaka muku ku gane abin da ya fi ƙarfinku, da kuma abin da ke hannunku.

Yadda gibin yake

Rahoton ci gaban ɗan Adam da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1998 ya raba mutanen duniya gida biyar. Gidan da ya fi wadata shi ne ke kashe kashi 86 cikin ɗari na kuɗin sayen kayan masarufi, gidan da ya fi talauci kuwa kashi 1.3 kacal. Na farko yana cin kashi 45 na nama da kifi, na ƙarshe kashi 5. A 2011 hukumar abinci ta FAO ta ƙiyasta cewa mutum guda a Turai da Arewacin Amurka yana zubar da abinci kilo 95 zuwa 115 a shekara, alhali a Afirka kudu da Sahara kilo 6 zuwa 11 ne.

Ku lura da batun nama da kifi, domin nan ne gibin ya fi cutar da yaro. Tuwon hatsi da kunun tsaki suna cika ciki, amma jikin yaro yana bukatar abinci mai gina jiki, da mai, da sinadaran da ke ƙara jini. Yaro na iya ƙoshi kullum, duk da haka ya rame ko ya tsumbure.

Abin da gyaɗa ta koya mana

A shekarun 1960 gyaɗa ce kan gaba a kayan da Nijar ke fitarwa, kuma ƙasar Damagaram na cikin manyan masu noma ta. An kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikinta, a wancan lokacin kuma akwai masana'antar tatsar mai a nan Matamaye. Mafi yawan amfanin yana tafiya Faransa. Farin shekarun 1970 ya karya wannan ciniki.

A 1996 likitan yara André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka haɗa Plumpy'Nut daga niƙaƙƙiyar gyaɗa, madarar gari, mai, sukari da sinadarai. Da shi aka ceci dubban yara a yunwar 2005, kuma yau kamfanin STA yana sarrafa shi a Yamai. Wato ginshiƙin maganin tamowa amfanin gona ne da kuka gāda kaka da kakanni. Sauya cinikin duniya aikin gwamnatoci ne, amma rabon yaro daga rumbun gida yana hannunku.

Abin da za ku yi

1. A shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2.

2. Da kaka, kafin a kai gyaɗa da wake kasuwa, a ware rabon yara wanda zai kai su tsakiyar damina, lokacin da rumbu ke yin ƙasa, farashi kuma ya hau. A shanya gyaɗar ta bushe sarai, a tsince wadda ta yi fumfuna a zubar.

3. A ƙarfafa kunun yaro da garin ƙuliƙuli ko na wake, da cokalin man gyaɗa, da garin zogale. In hali ya yi, a ƙara ƙwai, madara, hanta ko busasshen kifi.

4. A riƙa auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 da ma'aunin nan mai launi uku. Rawaya gargaɗi ne. Ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu, alama ce ta a garzaya da shi asibiti ran nan.

5. Plumpy'Nut magani ne na yaron da aka rubuta wa. Kada a raba shi da 'yan'uwansa, kada a sayar, domin kowane ƙunshi da ya ɓace yana jinkirta warkewarsa.

Ya ku magidanta, shawarar abin da za a sayar da abin da za a ajiye galibi a bakinku take. Ku zauna da iyalinku tun amfani yana gona, ku ƙayyade tiya nawa ce ta yara.