Rigar Ƙyalli a Wurin Aiki: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Buga Mata Tambari

Rigar ƙyalli ita ce 'yar falmaran ɗin nan mai launin ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, wadda aka ɗinka wa ziri mai haske a ciki da kafaɗu, kuma aka saba ganin ta a jikin masu gyaran hanya da leburorin gini da masu sharar titi da ma'aikatan filin jirgin sama. A 'yan shekarun nan kamfanoni da ƙungiyoyi sun rungumi al'adar buga sunansu da tambarinsu a jikinta, kuma al'ada ce mai amfani, domin tana bambanta ma'aikaci da baƙo, tana kuma nuna wanda ke da alhakin aiki. Sai dai an yi rigar ne domin direba ya hango mutum tun daga nesa ya taka burki kafin ya iso gare shi, saboda haka wajibi ne mai sayen ta ya fara da tambayar ko za ta kare rai, sannan ya zo ga batun suna.

Yadda rigar take aiki

Abubuwa biyu ne suka haɗu a jikin rigar, kuma kowannensu yana da lokacinsa. Na farko shi ne yadin da aka rina da rini na musamman, wanda yake zuƙar wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya iya gani, sannan ya mayar da shi haske da ido ke gani, shi ya sa launin yake fin sauran launuka ɗaukar ido da rana, musamman da sassafe da kuma gab da almuru. Da zarar duhu ya shiga, wannan yadi ba shi da wani tasiri, kuma a nan ne abu na biyu yake karɓar aiki, wato zirin ƙyalli. An lulluɓe zirin da ƙananan ƙwayoyin gilashi, ko kuwa da ƙananan kusurwoyi na roba, waɗanda suke mayar da haske zuwa inda ya fito, kamar yadda idon kyanwa yake yi idan aka haska ta da tocila cikin dare. Ma'anar wannan ita ce zirin ba ya haske da kansa, sai fitilar mota ta sauka a kansa, kuma direban motar ne yake ganin hasken fiye da kowa.

Muhimmancin hangowa da wuri yana fitowa fili idan aka yi ɗan lissafi. Motar da take gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa, don haka direban da ya ɗauki daƙiƙa biyu kafin ya gane cewa mutum ne a gabansa ya riga ya shafe mita 44 tun bai taɓa burki ba.

Asalinta

'Yan'uwa biyu Amurkawa, Bob da Joe Switzer, su ne suka fara aikin ƙirƙiro irin rinin da ake rina yadin rigar da shi a shekarun 1930, kuma kamfaninsu ya shahara da sunan Day-Glo, yayin da kamfanin 3M ya fito da shimfiɗar ƙwayoyin gilashi mai suna Scotchlite a ƙarshen waɗannan shekarun domin allunan hanya. Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta fara gwada riguna masu ruwan lemo a jikin ma'aikatan layin dogo a birnin Glasgow a shekarar 1964, kuma har yau ruwan lemo ne launin da ake sawa a layin dogo na ƙasar. A Faransa kuwa, tun shekarar 2008 doka ta wajabta wa kowane direba ajiye irin wannan riga a cikin motarsa, domin ya sa idan mota ta lalace masa a hanya.

Ma'auni da aji-aji

Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne ISO 20471, wanda aka fitar a shekarar 2013, ya maye gurbin ma'aunin Turai na EN 471, yayin da Amurka take bin nata mai suna ANSI/ISEA 107. Ma'aunin na duniya ya amince da launi uku kacal, wato ruwan ɗorawa da ruwan lemo da ja, don haka shuɗiya ko baƙar falmaran, komai yawan zirin da aka ɗinka mata, ba ta cika sharaɗi ba. Ya kuma raba tufafin zuwa aji uku bisa ga faɗin yadi mai launi da na ziri. Aji na ɗaya yana buƙatar murabba'in mita 0.14 na yadi da 0.10 na ziri, aji na biyu yana buƙatar 0.50 da 0.13, aji na uku kuwa 0.80 da 0.20, kuma faɗin kowane ziri ba zai gaza santimita 5 ba.

Aji na ɗaya ya dace da wurin da ababen hawa suke tafiya a hankali, kamar cikin rumbun ajiyar kaya ko farfajiyar masana'anta. Aji na biyu, wanda mafi yawan falmaran suke ciki, ya dace da titunan cikin gari da wuraren gini. Aji na uku na masu aiki ne a kan babbar hanya, inda gudu ya wuce kilomita 60 a awa, kuma falmaran marar hannu ba ta kaiwa wannan aji ita kaɗai, sai an sa riga mai hannu da ziri a damtse, ko an haɗa ta da dogon wando mai ziri, domin motsin hannu da ƙafa shi ne yake sa direba ya gane cewa mutum ne, ba allo ko durom ba.

Buga suna da tambari

A nan ne mafi yawan masu saye suke yin kuskure. Bisa ga ma'aunin, duk wurin da rubutu ko tambari ya rufe ba a lissafa shi cikin faɗin yadi mai launi, kuma ana yin awon ne a kan mafi ƙanƙantar riga da ake ɗinkawa. Idan aka buga baƙin faifai mai kusurwa huɗu mai tsawon santimita 30 da faɗin 20 a bayan riga, ya cinye murabba'in mita 0.06, wato fiye da kashi ɗaya bisa goma na abin da ake buƙata a aji na biyu, kuma wannan kaɗai yana iya saukar da ƙaramar riga daga ajinta. Saboda haka ya fi kyau a buga haruffa zalla ba tare da faifai a ƙarƙashinsu ba, a sa ƙaramin tambari a ƙirji, a rubuta suna a layi ɗaya a gadon baya tsakanin ziri da ziri, kuma kada fenti ko zare ya hau kan zirin ko kaɗan. Baƙin rubutu ko shuɗi mai duhu ya fi karantuwa, kuma gajeren suna ya fi jerin lambobin waya da adireshi amfani, tun da ba mai karanta su daga cikin mota.

Hanyoyin bugawa uku ne aka fi sani. Bugun fenti ta rariya yana da sauƙin kuɗi idan riguna suna da yawa kuma launi ɗaya ne ko biyu. Mannawa da zafi ta fi dacewa da tambari mai launuka da yawa, amma tana iya ɓamɓarewa idan ba a yi ta da kyau ba. Aikin zare ya fi daɗewa, sai dai allura tana huda yadi, don haka bai dace da rigar ruwa ba, kuma yakan tattare yadi marar kauri. Ana kuma iya yin rubutun da abin da yake ƙyalli, domin a karanta shi da dare.

Yadi da yanayin aiki

A ƙasar Hausa, inda zafin bazara yake tsananta, yadi mai ƙananan huji ya fi dacewa, domin ma'aikacin da zafi ya dama zai tuɓe rigar ya rataye, ko ya bar gabanta a buɗe, kuma riga a buɗe ta rasa rabin amfaninta ga motar da ke zuwa ta gaba. A lokacin sanyi da hazo kuwa, ana bukatar wadda za ta hau kan suwaita ba tare da ta matse ba, don haka a sayo girma daban-daban, a kuma tuna da ma'aikata mata da masu sa hijabi, kada mayafi ya rufe zirin kafaɗa. Mafi yawan waɗannan riguna na roba ne, wanda yake narkewa ya manne a fata idan wuta ta taɓa shi, saboda haka masu walda da masu aikin mai da iskar gas da lantarki suna bukatar nau'in da aka yi musamman don jure wuta. Masu aiki kusa da injin da yake juyawa kuma suna bukatar wadda take ɓallewa a kafaɗa da gefe idan wani abu ya fizge ta.

Saye da kulawa

Araha ba ta ado, kuma kasuwa cike take da riguna masu zirin leda mai launin toka wanda ba ya mayar da haske. Mai saye ya duba ƙyallen shaida da ke cikin rigar, inda ake zana hoton falmaran da lambar aji a gefensa, tare da adadin wankin da za ta iya jurewa. Ya kuma nemi samfuri ɗaya da aka riga aka buga wa tambari, ya rataye shi a cikin duhu, ya koma nesa, ya riƙe tocila kusa da idonsa ya haska, domin ziri na gaskiya zai yi fari tas, na jabu kuwa zai dushe. Rana tana koɗar da launi, ƙura da baƙin mai suna toshe ziri, bilic da dutsen guga suna lalata shi, don haka a wanke da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa, kuma a sauya duk rigar da ta koɗe ko zirinta ya tsattsage.

Kammalawa

Tsarin zaɓi shi ne a fara auna hatsarin wurin aiki, a tsayar da aji, a zaɓi yadi da girma, sannan a ƙarshe a ba tambari gurbin da ya rage. Alhakin sayen rigar da sauya ta yana kan mai ma'aikata, alhakin sa ta a rufe da tsaftace ta kuwa yana kan ma'aikaci. Ya kamata kuma a riƙa rubuta sunan duk wanda aka ba riga, a karɓe ta ranar da ya bar aiki, domin riga mai tambari tana buɗe wa wanda ya sa ta ƙofa, ko da kuwa ba shi da haƙƙin shiga.