Yadda Ake Daɓen Ɗaki da Makuba

A manyan biranen duniya an daɗe da samun na'urar shara mai tafiya da kanta. Kamfanin Electrolux na ƙasar Suwidin ya fito da Trilobite a 2001, kamfanin iRobot na Amurka ya biyo baya da Roomba a 2002. Na'ura ce mai batir da burushi, tana zagaya ɗaki tana zuƙe ƙura. Sai dai ba ta da amfani sai a ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta tashi, kuma haka tsintsiya take. Ɗakin da ƙasansa ke tashi, duk yawan shara ba zai yi tsafta ba. Shi ya sa a Kebbe da Kuchi da Girkau, har zuwa ƙauyukan Tambuwal a jihar Sakkwato, ɗakin da ba a sa wa siminti ba sai a yi masa daɓe. Ga yadda ake yinsa.

Kayan aiki

Ana bukatar jar marmara mai tsakuwa, da ruwa, da ƙwarya don yayyafi, da madaɓi, wato guntun icce mai faɗin ciki da mariƙi. Sai makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wadda ita ce ran aikin. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke, hannun mata kuma ya sauka daga aikin amfanin gona. Yawanci a lokacin ne ake gyaran ɗakunan amare.

Jiƙa makuba

Idan ɗorawa ta nuna da bazara, ana cire garinta a sha, a tara kalwa don daddawa, ɓawon kuwa mace mai tattali ba ta zubar da shi. Shi ake shanyawa a adana. Idan daɓe ya matso, sai a daka ɓawon a turmi, a zuba a tukunya ko randa, a cika da ruwa, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu har ruwan ya yi ja wur, ya yi kauri. A tace, a ajiye. Wasu sukan ƙara dakakkiyar bagaruwa. Dalili kuwa, ɓawon ɗorawa da bagaruwa duka suna ɗauke da sinadarin tanin, wanda majema ke dogara da shi wajen jeme fatar jan akuyar Sakkwato. Shi ne yake kama ƙasa ya ɗaure ta, ya hana ta saurin shan ruwa.

Shimfiɗa ƙasa

A kwashe kayan ɗaki kaf. A sassare tsohon daɓe da fartanya, a cire duwatsu da saiwoyi. In an ga gidan gara ko ramin ɓera, a tone shi har ƙarshe a cike, domin duk inda aka bar rami a ƙasa, nan daɓe zai fara burmawa. Daga nan a zuba marmara, kaurin kamar yatsu huɗu, a baje ta daidai, a ɗan karkatar da ita wajen ƙofa don kada ruwa ya kwanta a lungu. A yayyafa ruwa sosai da yamma, a bar ta ta kwana ta sha. Da safe a dunƙula ta a hannu: idan ta haɗe ba ta manne wa tafi ba, ta yi. Idan ta zama taɓo, a jira ta tsane.

Bugu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka mai ɗaki kan yi gayyar maƙwabta da 'yan uwa, ta tanadi fura da goro. Mata sukan jeru a sahu daga ƙuryar ɗaki, a durƙushe, suna bugu suna ja da baya zuwa ƙofa. Waƙar daɓe ita ke daidaita hannu, madaɓai su sauka tare. Zagayen farko da sauƙi ake yinsa, don tsakuwa ta zauna. Na biyu ake sa ƙarfi. Wata dattijuwa kan tsaya da ƙwaryar makuba tana yayyafawa gaban masu bugu, idonta na kan gindin bango da bakin ƙofa, wuraren da madaɓi ke yawan tsallakewa. Inda ya lotsa a ƙara ƙasa, inda ya yi tudu a ƙara bugu. Ana gane an kai gaci idan sautin ya sauya daga dum-dum mai laushi zuwa ƙara mai kaifi, fuskar ƙasa kuma ta fara sheƙi.

Bushewa

A rufe ƙofa, kada yaro ko kaza su taka. Daɓen da iskar hunturu ta busar da shi da gaggawa yakan tsattsage, saboda haka a bar shi ya bushe a hankali. Kashegari a duba. Duk tsagar da ta bayyana a zuba mata makuba a sake bugunta, sa'an nan a shafe ɗakin gaba ɗaya da sauran ruwan. Kada a mai da gado da akwatuna sai ƙasa ta daina sanyi a tafin hannu.

Kula da shi

Daɓe mai kyau yakan yi shekaru idan an lallaɓa shi. A share shi da tsintsiyar laushi, a bar tsintsiyar kaba mai kaushi ga tsakar gida. Lokacin hazo a ɗan yarfa ruwa kafin shara, don ƙura ta kwanta maimakon ta hau kan kwanuka da shimfiɗa. A sa faffaɗan dutse ko guntun katako ƙarƙashin ƙafafun gado, kuma kada a riƙa jan akwati a ƙasa. Ramin da ya fito a toshe shi tun yana ƙarami, domin nan ƙuma da kuɗin cizo ke samun maɓoya, nan kuma yaro mai rarrafe ke tono yana kai wa baki. Kowace shekara, idan ɗorawa ta shigo, a ware ɓawon da zai isa a sake shafe ɗakin kafin damina.