Ƙarancin Samfuri a Binciken Ƙwayoyin Gado: Darasi Ga Ɗaliban Harshe

Gabatarwa

A Idu, maƙwabciyarmu a nan Karmo, akwai cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, wato NIPRD, wadda ta samar da Niprisan domin masu cutar sikila. Wannan maƙala za ta duba wata matsala da masu binciken cututtuka irin wannan ke fuskanta, wadda kuma ta shafe mu ɗaliban harshe.

Matsalar

Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000. A ɗauka manazarci ya ɗebi jinin masu sikila 5 da na marasa ita 5, yana son ya gano ƙwayoyin da yawan aikinsu ya bambanta. Mutanen kaɗan ne saboda tsadar gwaji, tambayoyin kuwa 20,000 ne. Idan ya amince da kuskuren kashi 5 cikin 100 a kowace tambaya, zai iya samun ƙwayoyi wajen 1,000 da za su nuna bambanci alhali babu shi. A dalilin haka sai a ɓata kuɗi da shekaru ana bin sawun ƙarya, majinyata kuwa suna jira.

Hanyoyin Magance Ta

Na farko, a 1908 William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, ya fito da lissafin da ya dace da ƙaramin samfuri, wanda a yau ake kira gwajin t.

Na biyu, a 1995 Benjamini da Hochberg na Jami'ar Tel Aviv sun kawo hanyar ƙayyade yawan sakamakon ƙarya a cikin abin da aka ce an gano.

Na uku, a 2004 Gordon Smyth na Ostireliya ya nuna yadda za a daidaita awon kowace ƙwaya ta hanyar aro daga awon sauran ƙwayoyin. Hausawa dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manhajarsa, limma, har yanzu ana amfani da ita.

Kammalawa

Ɗalibin da ya tattauna da mutum uku a kasuwar Karmo, ya gwada kalmomi 200, ba zai rasa wani bambancin furuci ba. Sai dai kafin ya rubuta a kundinsa cewa ya gano karin harshe, ya kamata ya ƙara yawan masu ba shi bayani, ya kuma kwatanta kalmar da 'yan'uwanta masu irin sautinta.