Duba canjinka kafin ka zuba a aljihu

In kana zaune a Birtaniya, riƙa juya sulallan fam ɗaya da na pence 50 da ake ba ka canji a kanti. Wasunsu na tunawa ne. Na pence 50 na lambun Kew da aka buga a 2009, mai hoton doguwar hasumiya irin ta Sin, guda 210,000 kacal aka fitar, shi ya sa masu tarawa ke rububinsa. Duba shekarar da kyau, domin an sake buga irinsa a 2019, jabu kuma sun yi yawa.

In ka dace da shi, don Allah kada ka goge shi da toka ko lemun tsami; gugar tana karya masa daraja. Riƙe shi ta gefe, ka adana a 'yar ambulan, nesa da danshi.