Ƙyanda da Allurar Wata Tara

Idan hunturu ya wuce, zafi ya fara kankama, lokacin ƙyanda ya yi. Wasu na ce mata baƙon dauro. A ƙasar Hausa ta fi yawa a rani, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Sai ka ji an ce ta shiga unguwa, kafin mako biyu ta kwantar da yara gida-gida.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ido ba ya gani. Tana zaune a hanci da maƙogwaron mai ciwon. In ya yi tari ko atishawa sai ta fito ta bi iska. Tana iya kai awa 2 a cikin ɗaki bayan mai ciwon ya fita. Cikin mutum 10 da ba a yi wa rigakafi ba, in suka zauna kusa da shi, kusan 9 za su kamu. Cututtuka kaɗan ne ke yaɗuwa da sauri haka.

Bayan ƙwayar ta shiga jiki, takan yi kwana 10 zuwa 14 ba a ga komai ba. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, da tari, da majina, idanu su yi ja suna zubar da ruwa. Wani lokaci akan ga fararen ɗige-ɗige a cikin kumatu. Sai bayan 'yan kwanaki ƙuraje su feso, su fara daga fuska da bayan kunne, su gangara ƙirji har ƙafa.

Ga inda ta fi yaudarar mutane. Yaro yana fara yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙurajen su fito, ya ci gaba har kwana 4 bayan fitowarsu. A kwanakin farko kowa mura yake zato. Yaron yana zuwa makarantar allo, uwarsa tana goya ƙaninsa zuwa gidan suna. Kafin a gane ƙyanda ce a raba shi da sauran yara, ta riga ta yi nisa. Duk da haka a raba su, domin akwai jarirai da masu juna biyu da za a kare.

Ba ƙurajen ne ke kisa ba. Abin da ke biyo bayansu ne: ciwon huhu, da gudawa mai ƙarar da ruwan jiki, da ciwon kunne, da makanta, wani lokaci har kumburin ƙwaƙwalwa. Yaron da ke fama da tamowa shi ya fi shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 ƙyanda ta kashe mutum fiye da 100,000, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Babu maganin da ke kashe ƙwayar kanta. Jinya ce ke raya yaro. A kai shi asibiti da wuri, a kuma gaya wa ma'aikata ƙyanda ake zato, don kada a zaunar da shi cikin sauran yara. A can za a ba shi sinadarin bitamin A sau biyu, yau da gobe. Yana kare ido, yana rage mutuwa. A gida a ci gaba da ba shi nono, da kunu, da abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, da ruwa mai yawa. In yana gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda.

Akwai gidajen da ake hana mai ƙyanda wanka, ko a hana shi ƙwai da nama. Iyaye ba da mugunta suke yi ba, abin da suka gada ne, amma yana ƙara wa yaron rauni a lokacin da jikinsa ya fi buƙatar abinci. Mafi muni shi ne ɗiga masa wani abu a ido. A goge idon da tsabtataccen ƙyalle da ruwan da aka tafasa ya huce, shi ke nan. In numfashinsa ya yi sauri, ko ya kasa shan nono, ko ya yi jijjiga, ko idon ya yi fari, a koma asibiti ko da tsakar dare ne.

Rigakafin ƙyanda ya samu tun 1963. A Nijeriya ana yin allurar farko idan yaro ya cika wata 9, ta biyu kuma a wata 15, kyauta a asibitocin gwamnati. Iyaye da yawa suna tsayawa a ta farko, suna cewa ai an gama. Ba a gama ba. Akwai yaran da ta farko ba ta kama jikinsu sosai, ta biyu ce ke cike giɓin. Ɗan zazzaɓin da kan biyo bayan allura yana wucewa da kansa. Mura ko tari mai sauƙi ba sa hana a yi ta.

Ku ɗauko katin rigakafin kowane yaro a gidanku, ku duba layin wata 9 da na wata 15. Inda babu kwanan wata a rubuce, ku kai yaron a ranar allura mai zuwa, ko da ya wuce lokacin. Maigida ya ba da izini da kuɗin mota tun da dare.