Baburan Italiya

Italiya ƙasa ce a Turai wadda ta yi suna wajen ƙera babura. Kamfanin Moto Guzzi ya fara aiki a 1921, tambarinsa mikiya ce. Kamfanin Ducati na birnin Bologna an kafa shi a 1926. Da farko kayan rediyo yake yi, sai a 1946 ya fara ƙera ƙaramin inji da ake ɗaura wa keke. Daga nan ya kai ga manyan baburan tsere. Wani ɗan Italiya, Giacomo Agostini, ya zama zakaran duniya a tseren babur har sau 15, yawanci a kan babur ɗin MV Agusta.

Amma babur ɗin Italiya da Hausawa suka fi sani shi ne Vespa, wato Basfa. Kamfanin Piaggio ya fito da ita a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'anar sunanta zanzaro, saboda siririn ƙugunta da ƙugin injinta. Zuwa 1956 an ƙera guda miliyan ɗaya.

A shekarun 1970 da 1980 Basfa ta yi tashe a Kano, Katsina da Maraɗi. Malamai da ƴan kasuwa sun so ta ƙwarai. Ba ta da sarƙa da za ta kama babbar riga. Gabanta yana da garkuwa mai tare ƙura da taɓo. Ga kuma tayar safiya idan an yi faci a hanya.

Da baburan Japan suka yawaita, daga baya na Sin masu araha suka shigo, sai aka jingine Basfa a zaure. Da yawa sun yi tsatsa, an sayar wa ƴan gwangwan a kan kuɗi kaɗan.

A yau akwai masu neman tsofaffin baburan Italiya suna ajiyewa. Tun da an daina ƙera irinsu, kullum raguwa suke yi, darajarsu tana hawa. Mai saye yakan duba shekarar ƙira, da lambar inji, da takardu. Babur mai kayansa na asali ya fi wanda aka yi wa kwaskwarima tsada.

Saboda haka, yara, abin da aka kula da shi ba ya zama bola. Kafin a rabu da tsohon kaya, a tambayi masana darajarsa.

Tambayoyi
1. Me Ducati yake yi kafin ya fara ƙera babura?
2. Mece ce ma'anar sunan Vespa?
3. Me ya sa masu babbar riga suka so Basfa?
4. Wane tsohon kaya ake adanawa a gidanku? Wa ya bar shi?