Wasiƙa Zuwa ga Ƙannena Masu Rubuta Manhaja a Minna



Wannan wasiƙa taku ce, ku ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Gidan Kwano da Bosso, da ku da kuka koya wa kanku aikin a ɗakunanku na Tunga da Kpakungu da Maitumbi. Na san idon da yawanku na kan Google da Microsoft da Amazon, ko Moniepoint da Flutterwave na nan gida. Burin bai yi yawa ba. Paystack, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 kan sama da dala miliyan 200, matasa biyu ne da suka yi digiri a Jami'ar Babcock suka kafa shi.

Hanyar shiga manyan kamfanonin nan kusan iri ɗaya ce. Ka tura takardun neman aiki, jami'in ɗaukar ma'aikata ya kira ka, a ba ka jarrabawa a dandali irin su HackerRank ko Codility, sannan ka yi kamar minti 45 kana warware matsala a gaban wani injiniya ta bidiyo. In ka tsallake, sai zagayen ƙarshe, ganawa huɗu ko biyar. A Google kwamiti ne da bai taɓa ganinka ba yake karanta rahoton masu ganawar ya yanke hukunci. A Amazon akan sa wani daga wani sashe daban, wanda in ya ce a'a, magana ta ƙare.

Ku lura da maganar rahoton nan, don ita ce dalilin wasiƙar. Mai ganawa abin da ya ji daga bakinka yake rubutawa. Mu kuwa an raine mu da kunya da kawaici: in babba ya yi tambaya, ka sunkuyar da kai, ka yi shiru sai ka tabbatar da amsa. Tarbiyya ce mai kyau a zauren gida, amma a wannan zama kayar da mutum take yi. Yaro mai basira ya yi tsit minti 20 yana lissafi a zuci, na gabansa kuwa ba shi da abin rubutawa sai cewa ya kasa.

Ga misali. An ba ka jerin lambobi, an ce ka nemo guda biyu da jimillarsu ta ba da wata lamba. Kafin ka taɓa madannai, tambaya za ka yi: akwai lambobi ƙasa da sifili? Jerin a tsare yake? Yaya girmansa? Sai ka faɗi hanya mafi sauƙi, wato gwada kowace lamba da kowace, ka kuma faɗi aibinta da bakinka: in lambobin miliyan ɗaya ne, gwajin zai kai kusan biliyan 500. Daga nan ka ce, bari in riƙa adana duk lambar da na wuce a ma'adanar da ake dubawa nan take, in bi jerin sau ɗaya kacal. Ko da lokaci ya ƙare ba ka gama ba, an ga yadda kanka yake aiki. In ka maƙale, ka faɗi inda ka maƙale. In an ɗan haska maka hanya, ka karɓa da sauri, don ana auna hakan ma.

Wuri na biyu da kunyar ke cizo shi ne tambayoyin hali. Amazon na da ƙa'idojin jagoranci 16 da take gina tambayoyinta a kai. Za a ce ka ba da labarin ranar da ka saɓa wa shugabanka, ko aikin da ya lalace a hannunka. Mu da muka tashi muna jin yabon kai jahilci, sai mu ce "mun yi, mun gyara". To, ba rukuninku na aikin kammala digiri za a ɗauka ba. Ka faɗi matsalar, da abin da kai ka yi, da abin da ya biyo baya. Faɗin gaskiyar aikinka ba alfahari ba ne. Ƙannena mata, wannan ya fi shafarku, don ku aka fi horarwa da yin shiru.

Sai batun wuta. Jiharmu ce mai Kainji da Shiroro da Zungeru, amma duk mun san halin da ake ciki. Ranar ganawa ka cika cajin kwamfuta, ka tanadi layin waya biyu da data, ka nemi ɗakin da ƙarar janareta ba ta kai ba. Kuma ka duba agogo da kyau: Kalifoniya tana bayanmu da awa 8 ko 9, gwargwadon lokacin shekara.

In aka yi maka tayin albashi, kada ka ce "Allah ya yi albarka" a farashin farko, ko a Kasuwar Kure ba a haka. Wanda kuma ya nemi ka biya kuɗin fom ko na horo kafin aiki, ɗan damfara ne. In an ƙi ka, akan ba da damar sake nema bayan wasu watanni. Wani lokaci ma ba gazawarka ba ce: Microsoft ta buɗe cibiyar injiniyoyinta a Legas a 2019, ta rufe ta a 2024.

Roƙona ɗaya ne. Tambayoyin dandalin LeetCode da kuke yi ku kaɗai da tsakar dare ba su isa ba. A makon nan kowa ya nemi abokin gwaji, ku sami ajin da ba kowa, ɗaya ya tsaya gaban allo yana bayani da Turanci, ɗaya ya riƙe agogo yana yi masa tambayoyi, sannan ku yi musaya.

Allah ya ba da sa'a.

Wassalam,
Yayanku.